Ranar da Aka Yi wa Gafiya Hayaƙi

Mu huɗu ne a gidan ran nan. Akwai ni. Akwai maigidana Alhaji, wanda tela ne a da, ido ya zaunar da shi. Akwai ƙaninsa, da ya zo daga Majidaɗi wai ya kwana biyu, har mangwaro ya yi fure, ya yi 'ya'ya, ya nuna, bai koma ba. Akwai surukata, matar autana, da cikinta na fari. Mijinta direba ne, yana kan hanya. A bayan katangar gabas kuma akwai maƙwabciyata, 'yar Mumuye ce, unguwa na ce mata Maman 'Yan Biyu, sana'arta dafa burkutu. Sai awakina da ɗan rago guda. Sai gafiya. Dole in lissafa ta, don saboda ita aka yi komai.

Gidanmu a hanyar Kona yake, daidai inda gari ya gaji ya tsaya. Daga bayan katangarmu ba komai sai ciyawa har gindin dutse, kuma da bazara ciyawar nan ko kallonta ka yi da ƙarfi sai ta karye. Kowace shekara sai an sa mata wuta. Wani ya ce masu farautar ɓeraye ne, wani ya ce makiyaya ne masu neman sabon toho, wani ya ce guntun sigari ne. Ba a taɓa samun wanda ya ce ni ne ba. Da yamma sai ka ga wutar tana hawa dutse a hankali kamar an aike ta.

Shekarar nan ruwa ya yi jinkiri ƙwarai. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, a jera bokiti da roba a ƙarƙashin indararo, sai iska ta zo ta watsa shi, a kwashe bokiti a mayar ɗaki babu ko ɗigo. Rijiyarmu ta fara ba da laka, daga nan ta ba da ƙadangare, daga nan muka rufe ta da kwano. Mata suna tonon yashi a kogin Mayo Gwoi suna kwalfar abin da ya tsatso. Mu kuwa masu kurar ruwa muke jira, su kuma sai sun ga dama. A rediyo kullum ana faɗin yawan zafin da aka yi, ni ban san amfanin a faɗa wa mutum abin da yake zaune a ciki ba.

Duk mai kiwo ya san abin da bazara take nufi. Tun kaka na tara harawar wake da ta gyaɗa, na ɗaure ta dami-dami, na jibge a kan rumfa a bayan ɗakin Alhaji. Ita kaɗai ce tsakanin awakina da wuƙar mahauci. In ta kai su har ciyawa ta fito, na tsira. In ba ta kai ba, sai in ja su kasuwa da haƙarƙari a waje in karɓi abin da aka ga dama. Biyu a cikinsu ciki gare su. Ɗan ragon kuwa na sunan abin da surukata za ta haifa ne, tun yana jariri nake kiwonsa.

Saboda haka na kafa doka. Duk ashanar gidan na tattara na ƙulle a gefen zanina. Girki da safe ne kafin iska ta tashi, in an gama a binne garwashi a toka don na yamma. Ba turaren wuta, ba ƙona shara. Ƙanin Alhaji yana shan sigari, na ce ya je bakin titi, in ya gama kuma ya kawo mini guntun in gani.

“Adda, ko gidan yari ana barin mutum da ashana,” in ji shi.

“To koma can,” na ce.

Amma ba shi ne damuwata ba. Damuwata Maman 'Yan Biyu. Ran da take dahuwa, ganguna take ɗorawa, ta tura musu itace kamar cinyar mutum, tartsatsi yana tashi ya wuce katanga. Na kai ƙararta wurin mai unguwa. Ya ce tun ba a yanka filinmu ba take dafawa a nan, kuma bai taɓa jin ta ƙona ko tabarma ba. Na ce kowace gobara ma kafin ta tashi ba a taɓa jin ta ba. Ya ce in yi haƙuri. Ban yi ba. Duk ran dahuwarta sai in ja turmi jikin katanga, in kife shi, in hau, in tsaya mata a kai.

To ga maganar haƙori. Da Alhaji ya je Makka ya dawo da haƙorin nan mai ƙyalli da alhazai suke sawa. Ni ban je ba, awakina ne suka je, don su aka sayar aka cika guzuri, amma mutane suna ce mini Hajiya ina amsawa, ai da gumina a ciki. Da shekaru suka ja haƙorin ya yi lako-lako, yana cin tuwo sai ya zame. Sai ya riƙa cire shi in zai kwanta, ya ajiye a ɗan faranti tare da goronsa. Gafiya kuwa ta daɗe tana shiga ɗakin. Ta ɗauki goro, aka yi shiru. Ta ɗauki cokalina, aka ce ni na yar. Ran da ta haɗa goro da haƙori ta tafi da su, ran nan gidan ya zama gidan makoki. Alhaji ya daina dariya a ƙofar masallaci, yana gaisawa da mutane baki a tsuke kamar mai riƙe da allura.

Ƙanin ya ce shi maganin gafiya a hannunsa yake. Wai yana yaro shi ne sarkin masu yi mata hayaƙi: a toshe duk ƙofofin raminta a bar guda, a cusa ciyawa da tsumma da barkono, a sa wuta, a yi ta fifita da faifai, ita da kanta za ta fito tana neman gafara.

“Ba a gidan nan ba,” na ce. “Ruwa ya sauka tukuna.”

“Kafin ruwa ya sauka ta kai haƙorin Kona,” in ji Alhaji.

“In ta kai ta sa a bakinta. Wuta dai babu.”

Suka kafa tarko, ya kama kazar surukata. Suka bar maganar. Ni kuma na ɗauka sun haƙura.

Ran da abin ya faru, tun hantsi rana ta buɗe, ga wata iska mai zafi tana juyi a tsakar gida tana ɗaga ganye. Injin burtsatse ya lalace, masu kura ba su fito ba, ruwan da ke gidan ɗan na gindin randa ne. Sai na ji ƙarar faskare daga gabas. Maman 'Yan Biyu ta tace na jiya ta jera a robobi don masu zuwa da yamma, ta kuma ɗora sabo. Na ja turmina na hau.

Tana ganin kaina ya ɓullo ta ce, “Hajiya, kai ya zo aiki? Sannu da zuwa.” Hausarta ba ta raba mace da namiji, na daɗe da daina gyara mata.

“A iskar nan kike hura wannan wutar?”

“Wuta na yana gida na. Ya taɓa zuwa gaishe ka?”

“Ran da ya zo ai ba sallama zai yi ba. Janye wancan itacen.”

“Sauko ka janye. Ko in ba ka kujera, ƙafa naka zai kumbura.”

Muna cikin haka surukata ta zo ta tsaya a gindin turmi, kanta a ƙasa. “Inna, awaki suna kuka.”

“Zafi ne. Ni ma da akuya ce da na yi.”

Ta tafi. Jim kaɗan ta dawo. “Inna, ko za ki zo ki ga toka a madafa?”

“Tokar ce ban taɓa gani ba? Je ki zauna a inuwa.”

Ta sake dawowa, wannan karon tana murza hannu. “Inna, ina jin ƙaurin barkono.”

“Ciki ne. Ni da cikin mijinki ƙaurin kifi na yi ta ji har na haihu.”

Daga baya na ji yadda aka yi. Ashe ina hawa turmi Alhaji ya je ƙofar madafa ya yi gyaran murya, ya ajiye kaskon turare a ƙasa, ya dubi sama ya ce, “A sa mini garwashi.” Yarinyar nan ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ba ta taɓa mayar masa da magana ba, in ya shigo ta ƙofa ita ta bango take bi. Ta tona toka ta zaɓi mafi ƙanƙanta ta sa masa. Da na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini a fili, sai ta ce, “Inna, da wane baki zan kawo ƙarar Baba?” Ran da aka kawo ta gidan ni na zaunar da ita na koya mata wannan kunyar, kuma ta koya da kyau.

Su kuwa 'yan farauta suna bayan ɗaki. Ƙanin ya gano ramuka biyu ya toshe da duwatsu, ya cusa ciyawa da barkono a na uku. Alhaji ya durƙusa da farar rigarsa yana fifita da faifaina na tankaɗe. Hayaƙin bai shiga ramin ba, su ya dawo wa. Suna tari, suna hawaye, suna toshe baki kada in ji. Sai ƙanin ya ce wutar ce ta yi kaɗan, ya murɗe damin ciyawa ya kunna don ya tura ciki da kyau. Yana sunkuyawa gafiya ta fito ta wani rami na huɗu da ba wanda ya san da shi, ta bi ta tsakanin ƙafafun Alhaji. Alhaji ya yi salati ya faɗi zaune. Ita kuwa ta miƙe sai ƙarƙashin rumfar harawa. Sarkin farauta ya bi ta a guje, ya manta abin da ke hannunsa, ya durƙusa ya zura hannun yana lalube.

Ni duk ban sani ba, ina kan turmi ina nuna wa mata yadda ake riƙon wuta. Sai na ga ta daina kallona, tana kallon saman kaina.

“Hajiya,” ta ce, “kai yana gadin wuta na. Naka fa, wa yana gadi?”

Na juya. Hayaƙi fari tas yana tashi daga bayan ɗakin Alhaji, a ƙarƙashinsa ja. Harawa in ta kama ba ta jira, wani ƙara take yi kamar ana soya gyaɗa a babban kasko. Iskar kuma yamma take turawa, wajen ciyawar bayan katanga. Na ga Alhaji ya ɓullo a guje ya ɗauki butar alwala ya koma. Buta! Ƙanin ya tuɓe riga yana dukan wutar, rigar ta kama, ya jefar da ita kan rumfar, ya ƙara mata abinci.

Na daka wa surukata tsawa ta kwance dabbobi ta fitar da su zaure, kada ta kuskura ta ɗauki wani abu mai nauyi. Ina shirin dira daga turmi sai na ji an dungure ni da bokiti a kafaɗa.

“Kama! Kama, miƙa!”

Na kama. Ban tambayi mene ne a ciki ba, hancina ya riga ya faɗa mini. Na kira ƙanin na miƙa masa, ya ruga ya miƙa wa Alhaji, Alhaji ya watsa. Kafin bokitin ya dawo wani ya iso. Haka muka jeru, ita tana kamfata daga robobinta, ni ina kan turmi, ƙanin yana gudu ba riga, Alhaji yana watsawa iska tana dawo masa da rabi a fuska. Sai a bokiti na kusan ƙarshe ya tsaya, ya lashi leɓe, ya tofar, ya ɗaga murya.

“Wannan wane irin ruwa ne?”

“Watsa!” na ce.

“Na ce wane irin...”

“Irin wanda ake da shi! Watsa, Alhaji!”

Ya watsa yana istigfari. Da robobin suka ƙare sai ga Maman 'Yan Biyu ta hauro katanga, mace mai jika, da ƙatuwar muciyarta ta juya ganga da jiƙaƙƙen buhu. Ta zura muciyar ta yaye duk damin da ke ci ta zubo ƙasa, tana bugu da buhu, ni ina bi da ƙasa a kwarya ina binnewa. Wani tartsatsi ya tsallaka katanga ya kama ciyawar waje, ta bi shi ta take da ƙafa. Da wutar ta mutu muka tsaya muna haki, ni da ita.

A lokacin ne mazan unguwa suka iso da bokitai, yawancinsu babu komai a ciki. Suka tarar da Alhaji tsaye a tsakar gida, riga ta manne masa a jiki, ta koma ruwan ƙasa, gemu yana ɗiga. Wani dattijo abokin zamansa a masallaci ya matso zai yi masa jaje, ya miƙa hannu, sai ya ja numfashi, ya ɗan ja da baya.

“Alhaji... lafiya dai?”

“Gobara ce,” in ji Alhaji, baki a tsuke.

“Eh, gobara. Allah ya kiyaye gaba.” Ya sake shinshinawa. “Allah ya shirye mu baki ɗaya.”

Wani kuma cikin masu zuwa wurin maƙwabciyata ya leƙo ta zaure, aka faɗa masa yau babu, ya riƙe kai ya ce, “Kai, Alhaji, ko ɗan ƙoƙo ba ka rage mana ba?” Har yau in an ga Alhaji a bakin titi akwai masu tambayarsa ko da saura.

La'asar ta yi, ba halin masallaci. Na auna masa ruwan gindin randa da moɗa, ya yi wanka irin na tsuntsu. Kayansa duk suna wurin wanki, sai rigar ƙwallon autana aka samo masa, mai lamba a baya. A cikinta ya yi salla a ɗaki. A cikinta kuma ya fito da yamma, ya zauna a kan tabarma, ya yi gyaran murya irin ta masu yanke hukunci.

“Harawar nan ta zama najasa. Ba za a raɗa wa jikana suna da ragon da ya ci wannan abu ba. Gobe a fitar da ita bayan gida a ƙone.”

Na dube shi. Na daɗe ina dubansa.

“A yi mata me?”

“A... a zubar.”

“Da ka ce a ƙone. Da wace wuta, Alhaji? Ta ɗazu ba ta ishe ka ba, ko garwashi za a ƙara sa maka?”

Ƙanin ya ce shi dai a ganinsa a ba awakin su ci, a ga yadda akuya take tafiya in ta yi tatul. Na ce wanda ya shigo gidan mutane da riga ya wayi gari ba riga, ba a neman ganinsa.

Amma maganar Alhaji ta zauna mini. Ni ma raina bai so in ɗebi abin nan da hannuna in zuba wa ragon suna ba. In kuma na zubar, me za su ci? Sama ba alamar komai. Da wannan na kwanta.

Da na idar da sallar asuba, gari ya fara haske, na fita bayan ɗaki na sauke harawar gaba ɗaya. Dami-dami na bi ta, ina kwancewa ina sa hanci. Wadda ta ƙone ta ƙone. Ta sama da ta gefe ta sha ta ƙoshi. Amma ta tsakiya, da yake na danne ta da kyau tun kaka, ko ɗigo bai kai gare ta ba, ƙanshinta na wake yana nan. Ta fi rabi kaɗan. Na mayar da ita kan rumfa na rufe da zana.

Jiƙaƙƙiyar kuwa na ɗauka na kai gindin katangar gabas, na hau turmi. Maman 'Yan Biyu tana wanke robobin da ba ta sayar da ko ƙoƙo daga cikinsu ba.

“Hajiya, yau ban hura wuta ba.”

“Na gani. Kama.” Na miƙa mata dami. “Awakinki tun suna ciki dusar abin nan suke ci, ba za su ga baƙo ba.”

Ta karɓa, ta shinshina, ta yi dariya har ta dafa katanga. Na yi ta miƙawa tana karɓa har ya ƙare. Da zan sauka na ce mata useko, wato na gode. Ta ce me na ce, ba ta ji ba. Na ce ta ji sarai, kuma itacen da take jibgewa kusa da murhu har yanzu bai yi mini ba.

Daga nan na ɗauki fartanya na koma bayan ɗaki, na bi ramin nan na huɗu na tone shi har ɗakin ajiyarta. Mai gidan ba ta nan. Na tarar da ɓawon gyaɗa, da goro duk an gutsura, da batirin rediyo, da cokalina da aka ce ni na yar. A ƙasan su ga abu yana ƙyalli. Na goge shi da toka, na ƙulle a gefen zani tare da ashana.

Na sami Alhaji da ƙaninsa a zaure suna jiran koko. Na ajiye musu lauje da igiya da buhu a gabansu. Na ce abin da ya rage ba zai kai dabbobina damina ba sai an haɗa da ganye, ga itatuwa can a gindin dutse, kullum buhu guda kafin rana ta yi zafi.

Alhaji ya dubi ƙasar da ke hannuna. “Kin tona ramin? Ba ki ga komai ba?”

“Na ga cokalina.”

“Sai me?”

Na kwance gefen zani na nuna masa daga nesa, na mayar na ƙulle. “Ran da ciyawa ta fito, awakina suka sa baki a ƙasa, ran nan za ka sa shi a naka.”

Ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna giɓin, ya rufe. Ƙanin ya ɗauki buhu, shi ya ɗauki lauje, suka fita. Ni kuma na mirgino turmina daga jikin katanga na kawo shi tsakiyar gida, inda in na zauna ina ganin gabas, ina ganin ƙofar madafa, ina kuma ganin bayan ɗakin Alhaji. Na zauna na kira surukata ta kawo mini kokona.